Zinariyar da babu zinariya a cikinta: gashi na uku a tanderun Manises, 1785

A shekarar 1785 Floridablanca, babban wazirin Sarki Carlos na Uku na Sifen, ya ƙudiri kafa masana'antar tangaran mai ƙyallin zinariya a Madrid. Da yake sana'ar tana hannun maginan Manises, wani gari da ke dab da birnin Balensiya, sai ya nemi a rubuto masa yadda suke yin ta. Takardar da aka aiko masa tana nan ajiye a Landan har yau, kuma darajarta ita ce ta faɗi awo: oza kaza na wannan, oza kaza na wancan, awa kaza a wuta. Ba kasafai ake samun haka ba a sana'ar da iyalai suka yi ta ɓoye sirrinta tun kaka da kakanni. Wanda ya bi awon nan a natse zai gane yadda ake fitar da ƙyallin, zai kuma gane abin da ya sa kwanon Manises na wancan lokaci ya koma ja kamar sabuwar butar jan ƙarfe, alhali na kakanninsu ruwan zinariya ne.

Ba a Sifen aka fara aikin ba. Maginan Iraƙi ne suka ɗora shi a kan tangaran a ƙarni na 9, kuma tayil ɗin da suka kewaye mihrabin babban masallacin Ƙairawan da ke Tunisiya, garin Ibn Abi Zaid mai Risala, na wannan zamanin ne, tun wajen 862. Daga Iraƙi ya bi ta Masar ta Faɗimiyyawa, ya je Kashan a Farisa, ya kuma iso Malaga a Andalus, inda Ibn Baɗɗuɗa ya tarar ana yin tangaran mai zinariya ana kai wa ƙasashe masu nisa. A ƙarni na 14 ya kafu a Manises a ƙarƙashin gidan sarautar Boil, kuma yawancin maginan Musulmi ne da ke zaune a mulkin Kirista. A 1454 Sarauniya Mariya ta Aragon da kanta ta rubuta wa ubangidan garin tana neman a yi mata kayan cin abinci. A 1609 aka kori jikokin Musulmin daga ƙasar Balensiya. Takardar 1785 hoton sana'ar ce bayan ta tsufa, ta koma ta talakawa.

Rufin da ke ƙasa

Kwano sau uku yake shiga wuta. Gashin farko na tsurar yumɓu ne. Daga nan a tsoma shi a ruwan rufi, wato garin da zai narke ya zama fatar gilashi, a zana shuɗi idan ana so, a mayar da shi gashi na biyu a zafin da ya kusa digiri 1000 a ma'aunin Salshiyos. Sai ya fito fari, mai santsi, ya huce, sannan ake maganar ƙyalli.

Takardar ta ce ana narka darma da kuza tare a wani tanderu na musamman har su koma kamar ƙasa. A auna yashi daidai nauyinsu a haɗa, a zuba gishiri mai laushi, a sake dafawa, a daka. Yashin ma ba kowanne ba, sai na wani kogo da ke Benaguasil, wani gari a yankin Balensiya. Ga rufi mai kyau, kowace aruba ta darma, wato wajen kilo 12, ana ba ta oza 6 zuwa 12 na kuza. Ozar Balensiya ta kusa giram 30, ke nan kuzar ba ta wuce giram 180 zuwa 355 ba. Wannan kaɗan ne ƙwarai. Kuza ce ke toshe rufi ya yi fari fat ya ɓoye launin yumɓu, tana kuma da tsada, shi ya sa kayan ƙarni na 18 suka fi karkata ga launin madara mai ɗan rawaya.

Mai kallo zai ɗauka rufin allo ne kawai da ake rubutu a kai. Ba haka ba ne, rabin aikin yana cikinsa. Gishirin da aka zuba yana kawo sodiyam, yashi da sauran kayan suna kawo fotasiyam, kuma waɗannan biyun ne za su ba azurfa da jan ƙarfe wuri idan wuta ta kama. Ita kuwa darma ayyuka biyu take yi. Tana sa gilashin ya fara laushi a ƙaramin zafi, sannan tana hana ƙarfen nutsewa can ciki, sai ya taru a cunkushe dab da fuska. Wannan cunkoson shi ne ke mayar da haske kamar madubi. Binciken zamani ya nuna cewa a rufin da ba shi da darma sau da yawa launi yakan fito, rawaya ko ja, amma ba ya walƙiya irin ta ƙarfe, domin ƙwayoyin sun warwatsu a zurfi.

Tawada

Kaya biyar takardar ta lissafa na tawadar da ake zana ƙyallin da ita: jan ƙarfe oza 3, farar wuta oza 3, jar ƙasa oza 12, azurfa kwabo ɗaya na feseta, kuɗin Sifen na lokacin, da ruwan khal mai ƙarfi. A awonmu, jan ƙarfe da farar wuta kowanne ya kusa giram 90, jar ƙasa giram 355, kwabon azurfar kuma bai wuce giram 6 ba. A kan wannan ake ƙara laba 3, kilo ɗaya da 'yan kai, na tsohuwar tawadar da aka wanke daga jikin kayan gashin baya. Jar ƙasar ita ce Sifaniyawa suke kira almagre, kalmar da suka aro daga Larabci, ƙasa ce mai yawan tsatsar baƙin ƙarfe. Babu ko ƙwayar zinariya a lissafin.

Ga yadda ake haɗawa. A barbaɗa farar wuta kaɗan a ƙasan kasko, a ɗora gutsuren jan ƙarfe biyu da kwabon azurfa a tsakaninsu, a zuba ragowar farar wuta da jan ƙarfen a kai. A aza a wuta har farar wutar ta cinye, alamarta kuwa harshen wuta ya daina tashi daga kaskon. Abin da ya faru shi ne ƙarafan sun haɗu da farar wuta sun zama baƙin dunƙule mai gautsi. Jan ƙarfe da azurfa ba su dakuwa, ko an buga su sai dai su baje. Da zarar farar wuta ta ci su, turmi zai mayar da su gari.

Idan ya huce a daka shi lilis, a haɗa da jar ƙasa da tsohuwar tawada, a cuɗa da hannu, a sake dakawa. A zuba ruwa kaɗan-kaɗan har ya zama kwaɓin da zai manne, a shafe cikin kwatarniya da shi da ɗan itace, a sa kwatarniyar a tanderu awa 6. Maginan sukan saka ta ne ranar da suke gasa tukwanen yau da kullum, don kada a hura wuta dominta kaɗai. Hikimar shafa shi a bango maimakon barinsa curi ita ce iska ta ratsa ko'ina, ta juya wani sashe na baƙin garin ya zama gishirin ƙarfe mai saurin narkewa. Daga nan a kankare da ƙarfe, a farfasa, a niƙa da khal awa 2.

Awa biyun nan ba a rage su. Tsakin da ya tsira daga niƙa yakan bar ɗigo mai duhu, kewayensa kuma fayau. Khal yana narkar da ɗan abin da ya samu na jan ƙarfe, yana kuma sa tawadar ta kwanta a kan gilashi mai santsi maimakon ta dunƙule kamar ruwa a ganyen gwaza.

Yanzu a duba awon da kyau. Jan ƙarfe ya ninka azurfa wajen sau 15. Azurfa ita ke ba da rawaya mai ɗan kore, ruwan zinariyar da aka san kayan ƙarni na 15 da shi. Jan ƙarfe ja yake bayarwa. Idan aka haɗa su, launin yakan bi wanda ya rinjaya, daga zinariya zuwa ruwan zuma zuwa ja. Kwabo ɗaya a cikin fiye da kilo ɗaya da rabi na gari ba zai iya jan launin zuwa gefensa ba. Akwai wani abu kuma da ya ɓace daga lissafin. A 1585 Enrique Cock, wanda ya raka Sarki Felipe na Biyu tafiya, ya bayyana yadda maginan Muel a Aragon suke haɗa tasu tawadar, kuma a ciki akwai jan ma'adinin zaiba. An gano shi ma a ragowar tawadar da aka tono a wata tsohuwar ma'aikata a Paterna, maƙwabciyar Manises. Wannan ma'adini yana wargajewa a daidai zafin gashi na uku, ya saki farar wuta a cikin tawadar kanta, ya taimaka wa aikin daga ciki. Takardar 1785 ba ta ambace shi ba.

Tsohuwar tawadar da ake mayarwa ita ce mafi yawa a haɗin, ta ninka jar ƙasa sau uku. Ba rowa ba ce. Abin da ke shiga gilashi daga ƙarfen ɗan mitsitsi ne, saura yana nan a ɓawon da aka wanke, ya riga ya sha wuta, ya yi laushi. Yana kuma sa launin gashin yau ya yi kama da na jiya.

Zane

Da buroshi ko gashin tsuntsu ake zanawa a kan rufin da ya riga ya gasu. Dole fuskar ta kasance tsaf. Inda yatsa mai maiƙo ya taɓa, tawada za ta janye, kuma ba za a gani ba sai bayan wuta. Kaurin shafin ma da iyaka: ya rufe farin har ba a hango shi, amma kada ya yi tudu. Siriri ya ba da ƙyalli mai rauni, mai kauri ya tsage yana bushewa ya zube a tanderu. Mai zane ba ya ganin launin da yake nema, jar laka kawai yake gani. Idan yana son siririn farin layi a cikin fili mai ƙyalli, sai ya bari ta bushe ya karce da tsinke. A bar kayan su bushe ƙayau kafin a loda.

Gashi na uku

A nan takardar ta taƙaita. Ta ce ana gasawa karo na uku da busasshen romero kaɗai, wani ɗan kurmi mai ƙamshi da ke cika duwatsun Balensiya, wanda masu girki suka sani da rozmeri. Ta kuma yarda cewa wasu abubuwan sai da sabo ake sanin gwargwadonsu. Wanda ya riƙe takardar a Madrid yana da awon gari, amma ba shi da idon mai wuta, kuma a nan kwano yake rayuwa ko ya mutu.

Tanderun ƙyalli ƙarami ne. Wuta a ƙasa, daɓe mai huji-huji a tsakiya, kaya a sama, mafitar hayaƙi a ƙoli. Ba a sa kayan a cikin akwatunan yumɓu kamar yadda ake yi a gashi na biyu, domin wannan karon ana so hayaƙi ya shafi kowace fuska. A jera su da tazara, fuskar da aka zana kada ta jingina da wata. A kusa da wata ƙaramar kafa ake ajiye gutsattsarin gwaji masu rufi iri ɗaya da tawada iri ɗaya, waɗanda za a iya zarowa da ƙugiya.

Zafin da ake nema yana tsakanin digiri 550 da 650, gwargwadon rufin. Wannan shi ne lokacin da cikin tanderu yake fara yin ja mai duhu, irin wanda ba a gani sosai sai a inuwa. A wannan zafi gilashin bai narke ba, ya dai saki jiki.

Matakai biyu ne, kuma jerinsu ba ya sauyawa. Da farko wuta mai tsabta, iska na shiga sosai. A nan gishirin ƙarfen da ke cikin tawada yake narkewa a fuskar rufin, azurfa da jan ƙarfe su kutsa cikin gilashi, sodiyam da fotasiyam su fito su ba su wuri. Musaya ce, ɗaya ya shiga ɗaya ya fita. A wannan mataki babu ƙyalli tukuna, ƙarfen yana narke a cikin gilashi kamar gishiri a ruwa. Sai mataki na biyu: a cusa romero da yawa a murhu, a rage ƙofar iska, a toshe wani sashe na mafita. Wutar da ta rasa iska takan nemi oksijin duk inda yake, har a jikin rufin. Da ta ƙwace shi, azurfa da jan ƙarfe su koma ƙarfe tsantsa, su dunƙule ƙwaya-ƙwaya a ƙarƙashin fuskar gilashi. Duk mai gasa tukwane a fili ya san ɗan'uwan wannan: gefen tukunyar da kara ya danne, iska ba ta kai ba, shi ke fitowa baƙi.

Ƙwayoyin ƙanana ne fiye da misali, daga nanomita kaɗan zuwa 'yan gomomi (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma duk shimfiɗar ba ta kai kaurin maikuron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kai guda ya ninka ta sau da dama. Saboda ƙanƙantar nan ne haske yake wasa a kai: a kalli kwanon kai tsaye a ga ruwan ƙasa, a karkata shi a ga zinariya, wani lokaci har shuɗi ko shunayya su gilma. Kuma da yake a cikin gilashin take, ba a kansa ba, ta kai shekara ɗari biyar ba ta dushe ba. Wannan ya bambanta ta da ruwan zinariyar kwalba da masana'antun zamani suke shafa wa bakin kofi, wanda ake gasawa a tanderun lantarki a wajen digiri 700 zuwa 800 ba tare da hayaƙi ba. Wancan fata ce a sama, wanki yana cinye ta a hankali.

Me ya sa romero? Yana kamawa nan take, yana da mai a ganyensa da ke ba da hayaƙi mai kauri, kuma ba ya barin garwashi mai yawa. Ice mai nauyi zai tara garwashi, zafi ya ci gaba da hawa bayan an daina sa shi, a tsallake iyaka ba a sani ba. Da romero, mai wuta yana iya turnuƙe tanderu na 'yan mintuna, ya bari ya washe, ya sake turnuƙewa, zafin yana nan inda yake so. Washewar tsakani tana ƙone baƙin hayaƙin da ya kwanta, tana kuma riƙe zafi, domin wutar da aka shaƙe sanyi take yi. Bayan kowane zagaye ko biyu a zaro gwaji, a bar shi ya sha iska, a goge. Abin da aka gani shi zai ce a ƙara ko a tsaya. Maginan Italiya na ƙarni na 16, kamar yadda Piccolpasso, wani marubucinsu a kan sana'ar tangaran, ya rubuta, da wani icen daban suke fara wuta, su ƙarasa awar ƙarshe da wani kurmi mai hayaƙi. Shi ne kuma ya ce sau da yawa a cikin kaya 100 da ƙyar ake samun 6 masu kyau.

Inda ake faɗuwa

Gutsuren gwaji yana faɗin laifin da aka yi, in an iya karanta shi.

Idan aka goge tawadar ta fita tas, farin rufi ya bayyana babu ko tabo, zafi bai kai ba. Musayar ba ta faru ba. Wannan ne laifi mafi sauƙi, domin kwanon bai lalace ba, ana iya sake zana shi a mayar. Kishiyarsa ba ta da magani: zafi ya wuce, gilashi ya yi danƙo, jar ƙasar ta manne a ciki. Kwanon zai fito da ɓawo mai kaushi ruwan hanta wanda ko da dutse ba a kankare shi. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun 'yan digiri goma-goma ce, kuma tanderun ice ba ya zafi daidai a ko'ina. Na kusa da daɓe suna iya ƙonewa alhali na sama ba su nuna ba.

Idan rawaya ta fito amma ba ta walƙiya, hayaƙi ya yi kaɗan. Azurfa tana saurin komawa ƙarfe, jan ƙarfe kuwa sai an matsa masa. Tawada irin ta 1785, wadda kusan duk jan ƙarfe ce, ta fi ta dā bukatar hayaƙi mai ƙarfi, kuma hakan yana tura mai wuta zuwa bakin wani ramin. Hayaƙin da ya yi yawa ba ya tsayawa kan tawada, yakan kama darma da kuzar da ke cikin rufin kansa, farin ya koma toka-toka ko ya yi baƙi, ƙyallin ya yi duhu kamar tsohon kwabo.

Akwai laifin da ya fi ruɗarwa, wato saurin sa hayaƙi. Idan aka turnuƙe tanderu tun kafin musaya ta kankama, ƙarfen zai koma tsantsarsa a cikin tawadar, a waje. Ƙarfen da ya riga ya dunƙule ba ya shiga gilashi. Sai a buɗe tanderu a ga zafi ya kai, hayaƙi ya isa, amma zanen ya bi ruwan wanki. Mai koyo yakan ɗora laifin a kan tawada ya ƙara azurfa, alhali lokaci ne ya kuskure.

Jan ƙarfe yana da halin tashi idan zafi ya ɗan haura. Tururinsa yakan sauka a gefen layi ya bar inuwa ja-ja, har ya shafi kwanon da ke kusa. Kaɗan daga cikinta ado ne, tana sa zane ya yi taushi. Da yawa kuwa tana cinye siraran layuka. Damshi ma abokin gaba ne: ɗanyen romero ko kayan da ba su bushe ba suna kawo tururin da ke sa tawada ta zarto. A ƙarshe, idan gwaji ya nuna an kai, a janye wuta a liƙe kowace kafa da laka. Iskar da ta shiga alhali kayan suna da zafi tana iya mayar da jan ƙarfen da ke dab da fuska tsatsa, ƙyallin da aka sha wahala a kansa ya dushe kafin a gan shi.

Duk mai son gwada wannan a yau ya san da abin da yake wasa. Ƙona farar wuta yana fitar da iska mai shaƙe ƙirji, tanderun da aka toshe yana fitar da iskar gawayi mai kisa wadda ba ta da wari, don haka a fili ake yi. Garin darma guba ne ga mai niƙa shi, kuma kwanon da aka rufe da darma bai dace da abinci mai tsami ba. Ma'adinin zaiba kuwa a bar shi a tarihi.

Idan tanderu ya huce aka buɗe, babu abin sha'awa a ciki. Kayan sun yi baƙi da hayaƙi, zanen busasshiyar laka ce mai duhu. A ɗauki kwano a tsoma a kwatarniyar ruwa, a murza da tsumma. Abul Ƙasim na Kashan, a bayaninsa na 1301 a kan sana'ar tangaran, da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ce a goge. Ɓawon ya saki, ruwan ya yi ja, ƙyallin ya fito daga ƙarƙashin yatsa. Ruwan wankin ba a zubar da shi. A bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama, a shanya lakar da ta taru a ƙasa, a auna laba 3 daga ciki don haɗi na gaba.